Wanda Ya Jira Giwa a Hawa

Da rana tsaka aka jawo Giwa cikin gareji, kuma wannan kaɗai ya isa abin magana, domin Giwa ita ce mai jan wasu. Motar jan motoci ce ta Hajiya, fara, mai ƙugiya da sarƙa a baya. Duk motar da ta mutu a hanyar dutse ita ake kira. Ran nan sai ga ta ɗaure a bayan tipa, gabanta jaje-jaje da mai, warin ƙonanniyar giyar mota ya riga ta shigowa. Na ajiye tayar da ke hannuna na bi mutane.

Ni ne mai faci a bakin ƙofar garejin. Babu tayar da ke shiga ko fita ban san ta ba, amma in ana maganar manya ba a tunawa da ni, sai in iska ta zube wa wani.

Giyar Giwa irin mai canza kanta ce. In ta ɗauki nauyi ta kama dogon hawan da ke bayan gari, man giyar kan yi zafi har a taka ta ƙi tafiya. Shekara da shekaru Baba Direba ne kaɗai ke iya haurar da ita. Sai ɗansa, makaniken da muke kira Sifana, ya ba Hajiya shawara a ɗaura wa motar ƙaramin lagireto mai sanyaya man giya a gaban babban, inda iska ke bugawa. Tiyo ɗaya ya kai man da zafinsa, ɗaya ya dawo da shi da sanyi. Tun da aka ɗaura Giwa ta daina haki. Hajiya ta ce to Baba ya huta da hawan dutse, ya riƙa ƙananan ayyukan cikin gari, ta ba wani direba da ake kira Ɗan Sauri dogon zango.

Ciyaman ɗin gareji ne ya fara zura hannu ta gaban motar. Ya zaro tiyo ɗaya yana reto, tiyon ya riga ya fice daga bakin ƙaramin lagireton, zobban ƙarfe biyu da ke matse shi suna yawo a jiki. Man ya tsiyaye a hanya ke nan, giya ta ƙone.

"Ga aikin zamani," in ji Ciyaman, yana ɗaga tiyon kowa ya gani.

"Ciyaman, wallahi na ɗaure su," Sifana ya ce. "Duba kan sukurun. Duk wanda na ɗaure sai na ɗiga masa rawayan fenti. Ga shi an fasa fentin. Wani ne ya kwance."

"Fentin ne zai biya wa Hajiya giya? Ka yi sakaci, ka zo kuma kana neman wanda za ka shafa wa."

Dokar garejinmu ce, wanda sakacinsa ya kashe motar mutane kuma ya ƙi amsa laifi, ya bar rumfarsa. Ciyaman ya je da kansa ya datse wa rumfar Sifana kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ce a haɗu gobe da yamma a yanke magana. Rumfar nan ita ce duk abin da Sifana ya mallaka, bayan ya daɗe yana kwanciya ƙarƙashin motocin wasu. Kuma makaniken da aka kora daga gareji ɗaya, labarinsa na riga shi isa na gaba.

Ba wanda ya buɗe baki ya kare shi. Tun da ya yi wa Giwa wannan aiki masu manyan motoci ke layi a ƙofarsa, sauran makanikai suna zaune suna korar ƙuda. Ni kaina ganin layin nan yakan sa shayina ya yi ɗaci, alhali ba sana'armu ɗaya ba. Haka garejinmu yake, in ka sayi sabuwar guduma sai an yi kwana biyu ana amsa maka gaisuwa a taƙaice.

Baba Direba na zaune a benci, hula a gwiwa, ya ƙura wa Giwa ido. Mutane suka riƙa cewa Allah sarki, ga mota ga ɗa.

Hajiya ce ta ce ba ta yarda a kori kowa a kan zato ba. Ta aika a kira Sunkuyau.

*

Sunkuyau tsohon mai gadin daji ne, ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin dabbobi. Da ya bar daji sai ya koma bin sawun baburan sata. Kullum kansa a ƙasa, ko gaisawa kuke takalminka yake kallo, shi ya sa sunan ya bi shi. Ban ƙi shi ba, amma ina jin haushin yadda ake kambama shi. Mutum ya duƙa ya ce taya ta wuce nan, a yi ta salati, ni da na ƙare rayuwata cikin tayoyi ko tambayata ba a yi.

"Mai faci, bi shi," in ji Hajiya. "Ka riƙe masa ruwa."

Ruwa! Na bi shi dai, don in ga inda zai yi tuntuɓe.

Sunkuyau ya fara da Sifana. Ya same shi zaune a ƙasa jikin rufaffiyar rumfarsa.

"Gaya mini yadda ka ɗaura abin nan, kamar kana gaya wa wanda bai taɓa buɗe bonet ba."

"Na cire ragar gaba, Malam. Na sa aka yi mini ƙafafun ƙarfe na kafa shi, don ban yarda da robar da ya zo da ita ba, hanyar nan girgiza gare ta. Na bar 'yar tazara tsakaninsa da babban lagireto don kada su goga. Na bi da tiyon nesa da salansa, inda ya ratsa ƙarfe na naɗe shi. Kowane baki zobe biyu na sa, ba ɗaya ba. Na ƙara mai, na tayar, na bar ta ta yi zafi, na shimfiɗa farin kwali a ƙasa. Ko ɗigo."

"Zobe yana kwance kansa?"

"Ɗaya kan yi sanyi in an daɗe. Amma biyu, rana ɗaya, a baki ɗaya?"

"Wa ke jin haushinka?"

Sifana ya ɗaga kai ya dubi garejin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har da ni. Sunkuyau ya yi 'yar dariya, bai sake tambaya ba.

*

Giwa na kwana a bayan gareji kusa da famfo, inda ƙasa ke da danshi. Sunkuyau ya zagaya wurin a duƙe, ya tsaya daidai inda gabanta ke tsayawa. Akwai shatin gwiwoyi biyu a laka, da tafin hannu, da babban takalmi mai cinyayyen dunduniya. Mutum ɗaya ne a garejin ke da irin wannan ƙafa.

Ciyaman ya sha toka da muka same shi.

"Ni za a tuhuma? Ni da nake gyara motar nan tun mijin Hajiya na da rai?"

"Ba tuhuma ba ce, ranka ya daɗe. Gwiwarka na gani, na zo in tambayi me ta je yi."

Ya duba ko akwai mai jin mu, sannan ya rage murya.

"Na leƙa. Laifi ne? Shekarun da na yi ina fama da giyar nan, a ce yaron da na koya wa riƙon filaya ya zo da wani ɗan ƙarfe ya gama da ita rana ɗaya? Na je in ga inda ya yi kuskure."

"Ka gani?"

"Ban gani ba," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Amma ban taɓa komai ba."

Ni dai a raina na riga na gama shari'a, har ina jin daɗin ganin Ciyaman yana gumi. Sai da muka koma bakin famfo idona ya faɗa kan wani abu. Sawun tayar Giwa ya bi ta kan shatin gwiwar, kuma sawun tsohuwar tayar hagu ce, mai sulɓi a gefe ɗaya. Ni na cire tayar nan da hannuna tun makon jiya, tana ma jingine a bayan rumfata. Ke nan leƙen Ciyaman ya girmi canjin taya, kuma bayan canjin Giwa ta sha haura dutse lafiya lau. Na so in yi shiru, amma ilmin ya fi ƙarfin bakina, na faɗa.

Sunkuyau ya gyaɗa kai. Kafin la'asar duk gareji na cewa kai, Sunkuyau, daga kallon laka ya san ranar da aka canza taya. Na koma rumfata na zazzaga wa wata taya duka fiye da yadda take buƙata.

*

Ɗan Sauri muka samu wurin mai shayi, yana ba da labarin a karo na ban san nawa ba. Wasu na cewa shi ya kashe motar da ganganci irin nasa.

"Bas na ɗauko daga ƙasa, Malam, babba. Na kama hawa tana tafiya kamar ba komai a bayanta. Ana dab da kai wa sama na ji ta saki, na taka ba ta amsa, sai wari."

"A ina ka tsaya a hanya?"

"In tsaya in yi me? Ai amfanin abin da aka ɗaura ke nan. Zamanin tsaye-tsaye ya wuce."

"Ba ka ga kowa a gefen titi ba?"

"Da bas a bayana, ga kwana? Titi nake kallo, rediyo na yi."

Baba Direba na nan inda muka bar shi. Sunkuyau ya durƙusa ya gaishe shi da girmamawa.

"Baba, kai ke wanke ta da safe?"

"Kullum. Ko an ba ni ita ko ba a ba ni ba."

"Yau ka ga ɗigon mai a ƙarƙashinta?"

"Ban gani ba."

"Daga nan fa?"

"Gida na tafi. Ba a ba ni aiki ba, me zan zauna yi?"

Ni ma na gan shi da safen da bokitinsa, bonet a buɗe, kamar yadda nake ganinsa kowace safiya. Sunkuyau ya yi masa sannu, ya ce mini gobe da sassafe mu hau dutse.

*

A gindin hawan muka bar babur muka taka da ƙafa. Jan man ya bar mana hanya a kan kwalta. Daga farko ɗigo nan, ɗigo can nesa. Muna hawa suna ƙara matsowa kusa da juna, domin in mai ya yi zafi yakan tsinke, ya fi samun hanyar fita. Sunkuyau ya nuna mini cewa babu inda suka taru suka yi tabki, ke nan Ɗan Sauri gaskiya ya faɗa, bai tsaya ba.

Ni ina haki, shi ko a jikinsa. A tsakiyar hawan, inda titi ya ɗan buɗe, akwai wata babbar bishiya da fili a ƙarƙashinta. Ɗigon ya wuce ta gabanta bai ko karkata ba, amma Sunkuyau ya karkata. Ya ce in tsaya a kan kwalta kada in taka masa ƙasa.

"Wurin nan masaukin wani ne," ya ce. "Dubi yadda ƙasa ta lotsa, babbar mota ta daɗe tana tsayawa a wuri ɗaya. Ga tsohon mai ya yi baƙi. Ga dutsen da ake sa wa taya, ga wanda ake zama a kai, har ya yi sulɓi. Amma ciyawa ta fara fitowa a lotsen, an kwana biyu ba a tsaya ba."

Ya matsa gaba kaɗan ya duƙa sosai.

"Jiya kuma wani ya zo da babur. Ya kafe shi nan. Bai zauna ba, ya yi ta kai da komo, kullum fuskarsa na kallon gangare. Jira yake. Zo ka ga wannan."

Shatin gindin galan ne a yashi, da ɗan mai da ya gangaro ta jikinsa. Sunkuyau ya dangwala ya shafa a tafin hannunsa, ya dangwalo na kan kwalta ya shafa kusa da shi. Na kwalta ya yi duhu yana ƙauri. Na galan ja ne garau, sabo, bai taɓa shiga mota ba.

"Ya buɗe murfin ya ajiye, ya shirya zubawa," in ji shi. "Ya san motar za ta iso nan da ƙishin mai. Wa zai sani tun kafin ta iso?"

Daga nan sawun ya canza. Mutumin ya fito bakin titi, sannan ya kama gudu, yana bin hawan. Ko ni na ga bambancin, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Bai yi nisa ba ya faɗi, ga gwiwa ga tafin hannu. Ya tashi ya dawo, ya ɗauki galan, ya hau babur ya bi gefen titi har kwanar da ake hango saman dutse. A nan ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai ya juya ya gangara.

"Daga nan ya hango ta tsaye tana hayaƙi," Sunkuyau ya ce. "Ya makara."

Ni tun a gindin bishiya na daina jin abin da yake faɗa sosai. Tayar bayan babur ɗin tana barin wani ɗan tabo mai kama da tauraro duk juyi ɗaya. Ƙusa ce ta taɓa huda ta, na toshe ta daga waje da wata roba da na yanka da kaina, na ƙi karɓar komai saboda girman mai babur ɗin. Tun jiya nake neman abin da zan sani wanda Sunkuyau bai sani ba. Ga shi na samu, kuma da za a karɓe shi daga kaina da na gode.

Ya dube ni, karo na farko da na ga ya kalli fuskar mutum.

"Ni ƙasa ta gaya mini abin da mutumin ya yi," ya ce. "Sunansa kuma na ga alama yana wurinka."

Muka gangaro.

*

Da yamma aka taru a rumfar Ciyaman. Hajiya a kujera, makanikai a kan tsofaffin tayoyi, Ɗan Sauri a tsaye, Baba Direba a ƙarshen benci. Sifana na tsugune a tsakiya. Ciyaman ya ajiye mabuɗin rumfar a kan tebur inda kowa zai gani.

Sunkuyau bai yi doguwar shimfiɗa ba. Ya ce leƙen Ciyaman tsoho ne, kuma Ɗan Sauri bai yi ƙarya ba. Sannan ya ba da labarin bishiyar tsakiyar hawa, da galan ɗin sabon mai, da gudun, da faɗuwar.

"Wanda ya sassauta zobban nan ba so yake motar ta mutu ba," ya ce. "Kaɗan ya sassauta, yadda za ta riƙa zubarwa a hankali. Ya auna cewa za ta kai bishiyar da sauran mai a cikinta. A nan direba zai tsaya ya hutar da ita, shi kuma ya fito ya matse zobe, ya zuba mai, a ce ba don shi ba da an yi asara. Kuskurensa ɗaya. Ya ɗauka duk wanda ya hau dutsen nan da Giwa dole ya tsaya a wurin, domin shi bai taɓa wucewa bai tsaya ba."

Na ga wasu sun fara satar kallon ƙarshen benci suna ɗauke kai.

"Labari mai daɗi," in ji Ciyaman, wanda shi kaɗai ne bai gane ba, don idonsa na kan mabuɗin. "Amma ba a shari'a da wani mutum. A faɗi suna, ko kuwa magana ta koma inda take."

Sunkuyau ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki ke nan sai Sifana ya miƙe.

"Ciyaman, a bar maganar. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ban ɗaure da kyau ba. Na yi sauri ran nan, na ɗiga fenti ban matse ba. Jiya kunya ce ta sa na yi musu. Hajiya, ki yafe mini. Rumfa kuma a ba wani."

Yana maganar bai kalli ɓangaren benci ba ko sau ɗaya. Ciyaman ya miƙa hannu zai ɗauki mabuɗin.

"Bar shi nan."

Baba Direba ne. Ya dafa benci ya tashi da ƙyar, sai a lokacin na lura da yadda yake kare gwiwa ɗaya.

"Zauna, kai. Ban haife ka don ka yi mini ƙarya a gaban mutane ba. Aikinsa ba shi da aibi, Hajiya. Ni na kwance, da safe, ina wanki."

"Baba!" in ji Hajiya. "Kai da ko tsuntsu ya yi mata kashi sai ka yi faɗa?"

"Hajiya, tun maigidanki na da rai, in an ce Giwa sai a ce ni. An gwada direbobi, kowa ya dafa ta ya dawo da ita. Ni na san ƙarar da take yi in ta fara gajiya. Na san inda zan sassauta ƙafa, na san inda zan tsaya in buɗe mata bonet, in zauna da ita har ta huce. Wannan ne abin da na iya a duniya, ban iya wani ba. Sai aka wayi gari an kawo wani ɗan ƙarfe da bai kai faranti ba, an ɗaura, shi ke nan. Wanda bai san ta ba ya hau da rediyo a kunne, ya wuce bishiyar nan ko kallo babu. Ina wanke ta da safe ina ganin abin nan a gabanta, sai in ji kamar in sa guduma. Kishi nake da shi, Hajiya, ƙarfe ne amma kishi nake da shi. Ni dai so na yi sau ɗaya a sake cewa a kira Baba."

Ya juya wurin ɗansa, amma bai iya ɗaga ido ba.

"Jiya da aka datse rumfarka ina zaune. Na ce bari in tashi, ƙafata ta ƙi. Wannan ya fi na motar muni."

Sifana ya share fuska da hannun riga, ya bar baƙin mai a kumatunsa.

"Baba, ka san abin da ya sa na nemo abin nan? Ba Hajiya ce ta tambaya ba, ba kuma don layin motoci ba. Umma ce ta ce kullum ka dawo daga dutse sai ta gasa maka ƙafa da ruwan zafi, kana nishi kana cewa kada a gaya mini. Na ce to bari in yi abin da za ka riƙa haurawa kai tsaye, ka dawo gida da wuri. Don kai na ɗaura shi. Ban san za a karɓe ta daga hannunka ba."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Baba ya koma ya zauna.

Ciyaman ya yi gyaran murya. Doka dai doka ce, in ji shi, kuma wannan karon babu daɗi a muryarsa. Wanda ya taɓa motar mutane da gangan ba ya sake taka cikin gareji. Ya ɗauki mabuɗin ya zagayo tebur da kansa ya sa wa Sifana a hannu.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Na duba, na sani."

Tun da Sifana ya shigo garejin nan yake jiran wannan magana daga bakin Ciyaman. Ya karɓi mabuɗin, idonsa na kan ubansa, wanda ya sa hularsa ya nufi ƙofa yana jan ƙafa. Mutane suka dare masa hanya.

*

Sunkuyau ya tafi abinsa, kai a ƙasa. A bakin ƙofa ya ce mini rabin aikin nawa ne, ko in gaya wa mutane ko shi ya gaya. Na ce ya riƙe duka, ba na so.

Washegari Sifana ya buɗe rumfarsa, aka turo masa Giwa, ya shiga ƙarƙashinta zai sauke giyar. Da hantsi sai ga Baba Direba a ƙafa. Ya zo daidai bakin ƙofar gareji ya tsaya, inda iyakarsa take yanzu. Na jawo masa benci a rumfata, ya zauna ta inda zai hango ƙafafun ɗansa sun leƙo daga ƙarƙashin motar.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce mini, a hankali, in je in gaya wa yaron akwai noti ɗaya ta sama, ɓangaren hagu, da ke ɓoye bayan tiyo, in bai kwance shi ba giyar ba za ta sauko ba.

Na je na durƙusa na faɗa. Sifana na kwance a ƙarƙashin motar. Notin na hannunsa, ya riga ya kwance shi tun ɗazu, ina ganinsa.

"Kawu," ya ce, "je ka ce masa na gode, da ban gani ba."